Zakin da Ya Tsotse Mai Walda

Matata ce ta ƙirƙiro labarin, wata guda bayan gobara ta cinye shagona na kafinta.

Hannuwana biyu a naɗe da bandeji. Talabijin mun sayar. Wuni nake a falo ina hararar bango, ba mai iya tunkara ta. Rannan da la'asar ta jawo kujera ta ce, "Malam, tunda ba abin kallo, mu yi namu. Kowa ya faɗi nasa, na gaba ya ɗora."

"Aikin banza," na ce. Amma ban tashi ba.

Ta fara da wani mutum mai 'ya kyakkyawa. Da layi ya zo kan Auta, 'yarmu, sai ga saurayi ya shigo labarin: dogo, mai wushirya, sana'arsa walda. Na gane shi. Shagonsa na jikin nawa. Sau biyu yana turo manyansa neman aurenta ina cewa a dakata.

Nawa layin ya zo. Na ce, "Mota ta buge shi. Ya mutu."

"Baba!"

"Layina ne."

Washegari Auta ta ce ashe suma ya yi. Na jefa shi rijiya. Uwarta ta ce rijiyar ba ruwa, katifa ce a ciki.

"Wa ke ajiye katifa a rijiya?"

"Layina ne, Malam."

Na sa zaki ya cinye shi. Auta ta ce zakin tsoho ne, ba haƙori, tsotsa kawai ya yi ya tofar. Uwar ta dubi giɓin bakina, ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ni ma ta kusa kuɓuce min, na mai da ita tari.

Tun gobarar ba a yi dariya a gidan ba sai ranar. Abincin ma, duk da ya ragu, ya fara shiga.

Ba ƙin yaron nake ba. Shi ya jawo ni daga cikin hayaƙi. Amma shekara arba'in ina yi wa 'ya'yan mutane gado da kabad, tawa ta ƙarshe kuma ta kwana a kan gadon wani kafinta? Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Ran da aka kwance bandejin, likita ya ce yatsun ba za su ƙara riƙe zarto ba. Auta na tsaye a wurin. Muka dawo gida. Uwarta ta jawo kujera duk da haka, ta ce Auta ta fara.

Kanta a ƙasa ta ce, "Yarinyar ta kira mai walda. Ta ce masoyina, ka yi haƙuri... babana ba shi da hannu yanzu sai ni. Mai walda ya tafi. Ya shiga jirgin ruwa, jirgin ya nutse." Hawaye ya ɗiga a zanenta. "Ya mutu, Baba. Ta gaske. An tsamo shi an binne."

Na dubi uwarta, ko za ta kawo wata katifar. Ita ma ido take sharewa.

"Ƙarya ne," na ce. "Ya iya iyo."

"An binne shi fa..."

"Wani aka binne! Mutumin da zaki ya tsotse ya tashi, ruwa ne zai kashe shi? Kuma wa ya ce uban na neman 'yar aiki? Bakinsa ƙalau. Yaron ya zo gobe da ƙarfe da injinsa. Uban zai tsaya a kansa har ya haɗa gadon amarya. In ƙafa ɗaya ta karkace, ya kwance ya sake."

Auta ta ɗago, ido jajur. "Baba... a labarin, ko a nan gidan?"

Na juya wajen bango.

Uwarta ta matso, har ta fara murmushi. "Haba Malam, sanyin idona. Buɗe baki ka ce ka amince mana, yarinya ta ji da kunnenta."

"Ba zan faɗa ba."