Dutsen da Nieves Ta Jefa Kogi

Tun da sauran duhu Nieves ta kama tsohuwar hanyar Romawa da masu ziyarar ibada ke bi a ƙafa, don ta riga zafin rana. Gobe za ta isa gicciyen ƙarfe, inda kowane mai ziyara ke ajiye dutsen da ya ɗauko daga gida. Nata, mahaifinta Anselmo ne ya ba ta, yana kwance a gadon da ya shekara biyu bai sauka ba. "Ki kai mini, tunda ƙafa ta ƙi," ya ce. A kwana na uku da fara tafiya, da jaka ta ci mata kafaɗa, ta wurga shi kogi. Ai dutse dutse ne, za ta tsinci wani a can. Wa zai sani?

Yau da asubar nan, tana cikin tafiya, sai ta ji mutum a gefenta. Tsoho ne, hula ta rufe masa fuska. Sandarsa na dukan duwatsun hanya, amma ba ƙara. Wandonsa jiƙe sharkaf har gwiwa, alhali wata guda ba a ga ruwan sama ba.

"Sannu da hanya, Baba," ta ce.

"Jakar taki ba nauyi, 'yan mata."

"Na rage kaya ne."

"Na gani." Ya miƙo mata wani abu mai sanyi, yana ɗigar ruwa. "Na sha wuya kafin in lalubo shi."

Ta haska fitila. Dutsen ne. Babban yatsan hannun tsohon kuwa guntu ne, daidai inda guduma ta datse na mahaifinta tun tana goye.

"Ki kai mini, Nieves," ya ce. "Saura kaɗan."