Kokon Suruka

Tari ne ya haɗa su.

Ɗanbala bai daɗe da sauka a unguwar Nima ta ƙasar Gana ba, a daminar 1986, wata safiya ya bi ƙamshin citta har ya iske mutane sun yi layi a bakin titi, kowa da kofinsa ko ƙwaryarsa. Ya samu gefen benci ya zauna. Da aka miƙo masa koko sai ya yi masa irin kurɓar da ya saba yi wa na garinsu Malumfashi. Ai kuwa citta da barkono da kanumfari suka taru suka shaƙe shi, ya yi ta tari har hularsa ta faɗi ƙasa.

Wadda ta ɗauko hular tana dariya ita ce Husseina, 'yar mai kokon.

"Sannu, baƙo. Kokon Nima ba a yi masa gaggawa oo."

Ya ɗago zai yi godiya, sai ya ɓige da kallonta. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, hannunta duk ƙullun wake. Ta barbaɗa masa soyayyar gyaɗa a kan kokon, ta ɗora masa gyaran ƙosai, ta koma bakin kaskonta. Ranar har ya isa Abossey Okai, inda yake gyaran lagireton mota a rumfar maigidansa Baba Garuba, bai san motar da ta kai shi ba.

Daga nan bencin ya zama nasa. Mai kokon, Mma Abibata, haifaffiyar Nima ce, kuma tun kafin a haifi Husseina take zaune bayan tukunyar nan da ludayinta. Ta san mai son sukari da wanda likita ya hana, ta san wanda matarsa ta yi yaji daga yadda ya riƙe kofi. Kana iya tsokanarta a kan komai ta yi dariya, amma ban da kokonta. Mutum ɗaya ce ba ta yi wa dariya, wato Sala, wadda ta tashi a hannunta, ta koyi jiƙa gero da tace gasara, sannan ta tsallaka titi ta kafa tata tukunyar daidai saitin idon Mma.

Shi kuwa Ɗanbala Mma ta so shi, don yaro ne mai cin abinci tsakani da Allah. "Ɗana na Najeriya," take ce masa, ta cika masa ƙwarya har baki.

A hanyar injin niƙa na Maamobi ya faɗa wa Husseina abin da ke ransa. Da la'asar ne, ta fito da bokitin ƙullu, sai ga shi wai hanya ce ta biyo da shi. Ya karɓi bokitin.

"Husseina, ni fa ba kokon kaɗai ke kawo ni ba."

"Na sani. Wa ke shan koko yana kallon mai suya?"

"To me kika ce?"

"Na ce ka riƙe bokitin da kyau, Baƙona, kar ka zubar mana da abincin gobe."

Wannan "Baƙona" ya ishe shi amsa. Shi ma ya raɗa mata nasa sunan, Kanumfari, wai don ko ta wuce ƙamshinta ba ya wucewa.

Ba a ja lokaci ba Baba Garuba ya ɗauki goro ya kai wa baffanninta, da yake mahaifinta ya rasu. Aka karɓa da murna. Mma da kanta ta rangaɗa guɗa.

Washegari Ɗanbala ya taho da fara'arsa. Yana hango Mma a bayan tukunya sai ƙafarsa ta tsaya cak. Jiya mai koko ce, yau kuwa suruka ce. A inda ya tashi namiji ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, haka ya buɗe ido ya gani, ya shiga jininsa. Ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe ta kansa a ƙasa.

"Ɗana, kokonka fa?"

"Alhamdu lillahi, Mma."

Ya zari takalmansa ya yi gaba. Ko Husseina bai iya faɗa wa dalili ba, shi a ganinsa abu ne da kowa ya sani.

Kwana da kwanaki yana tafiya aiki da ciki wayam. Gyaran lagireto kuwa aikin wuta ne da dalma a tsakar rana, kafin hantsi jiri ya fara ɗibarsa. Gwauro ne, ɗakinsa ko murhu babu. Ran nan yana jiran trotro, motar hayar da ke kai shi aiki, sai Sala ta yafito shi.

"Ɗan Najeriya, zo ka zauna bayan kiyos, ɗan shagon nan, ba mai ganinka."

Ya zauna. Da ya tambayi kowane yaro a Nima, da ya faɗa masa gara ya faɗi a titi da ya zauna a wannan bencin. Amma bai tambaya ba, yunwa ce ta yi masa shawara.

Akwai wani direban tasi, Gafaru, wanda ya daɗe yana son Husseina. Shi ne mai kurɓar koko da ƙara yana kaɗa kai yana cewa duk Gana babu irinsa. Shi ya miƙa wuya ya nuna da ludayi.

"Mma, wancan ba surukinki ba ne ke siɗe ƙwaryar Sala?"

Mma ta duba. Kafin azahar goro ya koma hannun Baba Garuba, ko ɗaurinsa ba a kwance ba.

Washegari Baba Garuba ya zo rumfa da ƙunshin ƙosai, ya ajiye a gaban Ɗanbala ya kau da kai. A jikin takardar, tsakanin ɗigon mai, akwai rubutu da biro, da irin Hausarsu ta Nima wadda ba ruwanta da rabe mace da namiji:

"Baƙona, me muka yi maka? Mma bai ci abinci ba tun jiya. Ya ce in ka shiga gidan giya zai iya yafewa, amma ba bencin Sala ba. Ni ban san abin da zan ce masa ba. Ka zo injin niƙa. Kanumfarinka."

Ya je. A nan ya warware mata komai, tana saurare tana share ido da gefen mayafi.

"Shi ke nan? To ka zo ka sha mana! Ludayi ɗaya kawai."

"Zan gwada, Kanumfari."

Ya kuwa gwada. Ya zauna a benci, Husseina ta miƙo masa ƙwarya. Ya ɗebo, ya kawo daf da baki, sai ya ji idon Mma a kansa. Maƙogwaronsa ya rufe ruf. Ya yi, ya yi, abin ya faskara. Ya dire ƙwaryar ya tashi, gumi na tsiyaya a bayansa. Da bai zo ba ma da ya fi, don yanzu duk layin sun gani da idonsu: ya sansana kokon Mma ya ajiye. Kafin yamma labari ya kai har unguwar Kanda, da ƙari a kansa, wai ƙyanƙyami yake ji, wai Sala ta zuba masa wani abu a ƙwarya. Ita Sala ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ciniki dai ya ƙaru.

Baba Garuba ya tafi biko da kansa. Ya yi wa Mma bayanin al'adar mutanen Arewa dalla-dalla. Ta bar shi ya gama.

"Alhaji, na ji. Mu ma mun san kunya, ba a daji muka tashi ba. Amma wane irin kunya ne yake rufe baki a wurina, ya buɗe shi a wurin Sala? Amsa mini wannan."

Baba Garuba ya shafa gemu.

"To ka gaya masa. Ya sha kokona a gabana, ko ya manta da ɗiyana. Mutanen Gafaru suna zuwa bayan Sallah."

Husseina ta roƙa a bar ta ko aika masa ta yi a kwano. Mma ta ce ko ɗigo ba zai bar tukunyarta zuwa ɗakin gwauro ba.

Abin tausayi shi ne babu mugu a cikinsu. Mma na da gaskiya, Ɗanbala na da gaskiya, Husseina kuma tana tsakiya tana suya tana kuka, hayaƙi na rufa mata asiri. Shi ya daina karin kumallo gaba ɗaya. Bai sake kallon tsallaken titi ba. Kullum da safe zai zo, ya cire takalmi, ya durƙusa daga nesa ya gaida Mma, ba ta amsawa, ya tashi ya tafi aiki. Wuyansa ya zurma, rigarsa ta yi masa yawa. Yana ji yana gani Husseina na suɓuce masa, kuma abin da zai riƙe ta bai wuce ya haɗiye ba. Ya tsani kansa, ya tsani maƙogwaronsa, ya rasa wanda zai kai wa ƙara.

Wata takardar ƙosai ta sake zuwa:

"Baƙona, ka rame paa. Ka ci wani abu ko burodi ne, don Allah. Gafaru ya kawo wa Mma atamfa. Ni kai nake so, amma Mma ne ya goya ni a bayan tukunyan nan. Ban iya tsallake shi."

Azumi ya zo ya wuce, shi kaɗai ne watan da Ɗanbala bai bambanta da kowa ba. Bayan Sallah kaɗan, a safiyar Juma'ar da ake jiran mutanen Gafaru, Ɗanbala ya zo ya zauna a benci. Har masu jiran mota suka matso.

Mma ta zuba da hannunta, ta dire a gabansa.

"Bisimilla."

Ya ɗauka. Ya kai baki, ya runtse ido, ya roƙi Allah. Bai wuce ba. Sai hawaye suka zubo, namiji guda a bainar jama'a. Gafaru ya yi 'yar dariya. Husseina ta saki matsami a cikin mai ta rufe fuska.

Ɗanbala ya sauka daga benci ya durƙusa, ƙwaryar na hannunsa. Tun ranar da aka kai goro bai taɓa yi wa Mma doguwar magana ba sai yau, shi ma da ƙasa yake yi.

"Mma, na kasa. Wallahi na kasa. Tun da na zo ƙasar nan ban sa abin da ya kai kokonki a bakina ba, har mafarkinsa nake yi. Mahaifina har ya koma ga Allah ko goro bai taɓa taunawa a gaban kakata ta wajen uwa ba. Kin tambayi me ya sa na iya sha a wurin Sala. Mma, Sala mai koko ce. Ko wa ya zo ya sha ya tashi. Ke kuwa uwa ce. In na zauna ina tauna a gabanki, ji nake na mayar da ke mai koko kawai. Na yi kuskure da na tsallaka titi, ki yafe mini. Amma wannan, ko za a raba ni da Husseina, jikina ya ƙi."

Mma ta daɗe tana kallon ƙeyarsa da ƙasusuwan da suka fito a wuyansa. Ta kalli 'yarta. Sannan ta ajiye ludayi, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama kujerarta ta juya ta. Ta zauna ta ba titi baya, ta ba layi baya, ta fuskanci bangon langa-langa. Tsofaffin masu saye sun ce tun da suke ba su taɓa ganin ta juya wa tukunyarta baya ba.

"Husseina."

"Na'am, Mma."

"Gaya wa wancan mutum ni ban ganin komai. Amma kunnena lafiya lau. In ƙwarya ya dawo da saura, babu aure."

Ɗanbala ya sha. Kokon ya huce, hawaye sun ƙara masa gishiri, amma ya sha har ludayi ya fara kankarar ƙwarya. Mma na jin ƙarar nan ta ɗaga gefen mayafi ta goge ido.

"Ƙara masa. Ki sa gyaɗa. Dubi yadda ya mayar da kansa kamar ba shi da kowa a garin nan."

Layin ya ɓarke da shewa. Gafaru ya tuna yana da fasinja a Kanda, ya ja tasinsa.

Tsakanin sallolin aka ɗaura aure a masallacin unguwa. An yi shinkafa da wake, an yi waina, an yi tuwo da miyar ayoyo, har Sala aka aika wa nata kwanon, don Mma ta ce ba za a ce ta yi rowa ranar auren 'yarta ba.

Da za a tafi da amarya, aka kawo ango ya yi sallama. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki, Mma na ciki bayan labule, Husseina na kuka a cinyarta.

"Ɗana na Najeriya, ka ji ni?"

"Ina ji, Mma."

"Ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka, masu kunya irin naka, amma masu wayo irin na uwansu. Allah kada ya kwanar da ku da yunwa."

"Amin, Mma. Amin."

"Kuma daga gobe a ɗakinka za ka sha koko, matarka ya iya. In ka yi marmarin nawa, ka zo. Kujeran ba shi da nauyi."

Husseina ta yi dariya cikin kuka. Ɗanbala ya kasa ɗago kai, ya dai yi ta cewa amin har mata suka fito da ita.