Mai Kulob da Masu Yi Masa Tafi

Ko ba ku san fuskarsa ba, kun san irinsa. Dillali ake ce masa, don da sayar da tikitin bayan fage ya fara a ƙofar filin ƙwallon garinmu. Ba ƙwallon yake so ba, ko dokar satar gida bai sani ba. Kujerar sama yake hari, mai rumfa da fanka, inda masu kulob ke zama.

Ran nan da rana tsaka ya sulale wurin wani boka a bayan tsohuwar mayanka. Ɗakin ba taga. Ƙahonni na rataye a bango, ga wata baƙar tukunya da ƙudaje suka rufe bakinta. Dillali ya ajiye abin da aka ce ya kawo, ƙasar gindin turken ragar filin ƙwallon. Boka ya yanka baƙin bunsuru, ya kwaɓa ƙasar da jinin, ya ƙulle a fata.

"Ka binne a ƙarƙashin benen 'yan kallo," in ji boka. "Dukiya za ta zo, kulob zai zama naka. Amma mutanena ba sa aiki da yunwa."

"Me suke ci?"

"Masu yi maka tafi da zuciya ɗaya."

Dillali ya tuntsire da dariya. "'Yan kallo? Waɗannan matsiyatan masu ihu a rana? Su kwashe, ai ba sa ƙarewa."

"To, kai ka faɗa, ba ni ba."

Kafin a buɗe sabuwar kakar wasa, kwangila ta yi ta faɗo masa, ya saye kulob ɗin. Ya tsauwala kuɗin shiga, ya sayar da duk ɗan wasan da ya iya taka leda. Rufi na yoyo, banɗaki ya toshe, ko a jikinsa. Shugaban magoya baya, wani dattijon tela, ya same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, benen nan ya tsage, kuma da 'ya'yanmu muke zama a kai."

"In kuna tsoro, ku zauna a gida ku ji a rediyo."

Daga ranar, duk sanda ya shigo fili sai a ɗauki ihu: "Ɓarawo! Ba ma yi!" Mutum dubbai, ba mai tafa masa. Masu tafin suna gefensa a kujerar sama: ƙanensa, babban ɗansa, da matarsa.

Ƙanen ne ya fara. An tashi wasa, yana saukowa, jini ya ɓalle masa ta hanci, kafin a kai mota rai ya yi halinsa. Ba a gama karɓar gaisuwa ba, ɗan ya kwanta lafiya lau bai tashi ba. Matar kuwa sai ta kama tafi a tsakar gida tana dariya, har hannunta ya tsattsage aka ɗaure ta.

Dillali ya koma wurin boka a guje. "Ba haka muka yi ba! 'Yan kallo muka ce!"

"Kai ka ce. Nuna mini ɗan kallo ɗaya da ke ƙaunarka."

Sai ya buɗe ƙofar fili kyauta, ya yi hayar zauna-gari-banza su tafa masa. Suka tafa, suka karɓi rabonsu, suna fita suna zaginsa, ko ciwon kai ba wanda ya yi.

Saura tsohuwarsa. Ya durƙusa gabanta yana kuka. "Inna, don Allah ki tsine mini."

"Ni da na haife ka? Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce, tana shafa kansa. Ba ta kai la'asar ba.

Benen ya rufta ranar da ba wasa, hukuma ta garƙame filin, kulob ya ruguje. Tela da mutanensa suka kafa nasu a wani fili mai ƙura, kuma cika yake yi. Dillali na nan yana yawo bakin kasuwa ba takalmi, in yara suka tafa hannu sai ya toshe kunne ya ruga.

Kada wanda ya tausaya masa. Ya yarda a yanka 'ya'yan wasu, wuƙar ce kawai ta san hanyar gidansa. Kai mai kwaɗayin kujerar sama, ka sani: in ka sa rayukan mutane a ciniki, da na gidanka ake fara biya.