Abin da Tobias Ya Gani a Hoton Annika

A wani tsohon sito da ke bakin tashar jiragen ruwa ta garin Duluth a Amurka Annika Lahti ta fara ganinsa, ranar da ta baje hotunanta. Sanyi ya hana mutane fitowa, waɗanda suka zo ma kofi ya fi jan su.

Aikinta ba mai wuyar bayani ba ne. Takan ɗauki hoton tsatsa, ko ɓawon itace, ko tsagewar ƙanƙara, ta ninka shi biyu a kwamfuta har hagu ya zama daidai da dama, baƙi a kan fari, kamar katunan tawadar da likitocin ƙwaƙwalwa ke nuna wa mutum su tambaye shi me ya gani. Ita ma tambayar da take yi ke nan. Wasu su ce jemage, wasu su ce fure, a yi dariya a wuce.

Shi bai wuce ba. Dogo ne, da rigar masu tuƙa motar share ƙanƙara a jikinsa, hularsa a hannu. Da ta tambaye shi, ya ce, "Mutum ne a ƙarƙashin ƙanƙara. Ya sa hannu biyu yana turawa."

Sunansa Tobias. Sai daga baya, a kan kofin da ya huce a gabansu, ya gaya mata ƙanƙarar da ta rufe tafki ta tsage da ƙanensa Eli suna kamun kifi a kanta, ba a ga gawar ba sai da bazara ta shigo.

Soyayyarsu ba ta zo da hayaniya ba. Yakan share mata ƙanƙarar ƙofar gida kafin ta kai 'yarta Juni makarantar yara. Shi yana ce mata 'Yar Tawada, ita tana ce masa Sarkin Shiru. Wata safiya ya turo mata:

"'Yar Tawada, kada ki bi ta gada, akwai santsi. Ki sa wa Juni safa biyu. Ke kuma ki ci abinci, kofi ba abinci ba ne."

Ta karanta har ta haddace. Amma ba ta yarda ya zauna da Juni su biyu ba. Uban yarinyar mai fara'a ne a waje, kowa na yabonsa, a gida kuwa sai da ya ɓalla ƙofar ɗaki da ƙafa kafin Annika ta tattara kayanta. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake shigo wa 'yarta da namijin da ba ta san cikinsa ba.

Mahaifiyarta Ritva ta fi ta tsauri. Nas ce da ta tsufa a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Da ta ji labarin Tobias, ta ce a kawo shi cin abincin Lahadi, kuma Annika ta zo da hotunan.

Tsoro ya kama Annika. Ta rubuta masa:

"Sarkin Shiru, Mama za ta nuna maka hotuna. Don Allah ka faɗi abubuwa masu daɗi. Yau kaɗai."

Bayan an ci kifi da dankali, Ritva ta jera hotunan a tebur. Tobias ya ce wannan malam-buɗe-littafi ne, wannan tsuntsaye biyu ne suna sumba, wannan fitila ce. Yana murmushi, muryarsa ba ta ko rawa. Annika ta zuba masa ido. Ita ta roƙe shi, amma ba ta san ya iya haka ba. Wannan murmushin ta sani, ta zauna da irinsa a gida ɗaya.

Yana fita Ritva ta ce, "Yaron nan ƙarya ya shara mana daga farko har ƙarshe. Jikata ba za ta kwana gida ɗaya da shi ba."

Annika ba ta kare shi ba, ba ta kuma faɗi abin da ta yi ba. Ta daina ɗaukar wayarsa. Lokacin sanyin ya yi tsawo, rana na faɗuwa tun kafin ta ɗauko Juni. Kullum da safe sai ta tarar an share ƙofar gida, babu kowa. Saƙo ɗaya ya turo:

"Na yi abin da kika ce, kuma na tsani kaina ina yi. Zan je in gyara da bakina."

Ranar Asabar da hantsi Annika tana gidan mahaifiyarta aka ƙwanƙwasa. Tobias ya ƙi zama. Yana tsaye a kicin, ƙanƙara na narkewa daga takalmansa, ya gaya wa Ritva ba tsuntsaye ya gani ba, Eli ya gani a kowane hoto. Ya ce yana zuwa wurin likita, yana shan magani, kuma akwai ranakun da magana ke gagararsa.

Ritva ta tambaye shi ko yana shan giya, ya ce ya bari tun bayan jana'iza. Ta tambaye shi me yake yi idan baƙin cikin ya taso. Ya ce yakan kira likitansa, ya fita ya faskara itace har hannunsa ya mutu.

"To wa ya ce maka ka yi mini wasan kwaikwayo?"

Annika ta ce, "Ni ce, Mama."

Ritva ta dubi 'yarta ta saman tabarau. "Ke da hankalinki? Hotunan nan naki ba sa auna komai, ko ni na sani. So nake in ga ko zai buɗe baki." Ta juya gare shi. "Cire takalman nan, kana jiƙa mini ƙasa. Ka ci abinci?"

A bakin ƙofa Annika ta riƙe hannun rigarsa ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Duhun nan ba zai tafi gaba ɗaya ba, 'Yar Tawada. Gara ki sani."

"Na sani. Ni dai kada ka ɓoye mini shi, ko da na roƙe ka."

Ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta ga ranakunsa marasa kyau da idonta, ta ga yadda yake durƙusawa ya ce wa Juni yau Tobias ba shi da magana amma ba laifinta ba ne, sannan ta amince ta aure shi.

An ɗaura auren a ƙaramin cocinsu cikin yayyafi. A layin gaba an bar kujera ɗaya babu kowa, ta Eli. Da fasto ya gama, Ritva ta ɗora hannun Juni a cikin na Tobias, ta rufe da nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya mana yarinyar nan a tsakaninku," in ji ta. "Kai kuma ɗana, ranar da abin ya yi maka nauyi, ka san gidana. Ba sai ka ƙwanƙwasa ba."