Alwalar da Ba a Yi Ba

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Sufeto Mahmudu ya isa tafkin. Wuri ne tsakanin duwatsun yammacin Madina, inda ruwan sama ke taruwa ya zauna har bazara. Mutanen unguwar Harra ta Gabas kan gudo nan in zafin gari ya ishe su, su kafa tanti, su yanka rago. A bazarar 1982 iyalin marigayi Ɗan'inna ne suka zo, tanti biyu, na maza da na mata.

Gawar Sharfuddeen, ƙaramin ɗan gidan, tana kwance a bakin ruwa. A jikin motar iyalin kuwa an ɗaure direbansu, Haladu, da igiya.

"Wa ya ɗaure shi?" in ji Sufeto.

"Ni ne," in ji Abdussamad, yayan mamacin. "Ƙanena ya sauka alwalar La'asar, wannan ɗan Chadin ya bi bayansa. Da safe ma sun yi cacar baki. Halas, magana ta ƙare, ya sayyidi, ku tafi da shi, ku ba mu gawarmu mu kai maƙabartar Baƙi'a."

Kurtun da ke tare da Mahmudu har ya ciro ankwa. Mahmudu ya ce a ransa: haka muke! Babban mutum ya yi magana, kowa ya ce na'am. Baƙo ne, ba dangi, ba mai tambaya, takobin ƙisasi ya ƙarasa sauran, mu koma shan shayi. Wannan lalacin namu ya kashe mutane fiye da annoba.

"Mai da ankwar nan," in ji Mahmudu.

Ya durƙusa kan gawar. Rauni a ƙeya. Hannun riga a maɓalle har wuyan hannu, agogo a ɗaure, takalmi da safa a ƙafa. Wanda ya sauka alwala, tun a hanya yake naɗe hannun riga.

Ya koma wajen Haladu.

"Kun yi faɗa da shi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Kurtu, kawo ankwar."

"Mun yi! Mota ta yi zafi a hawan dutse, ya ce ni jaki ne, na ce jaki ai ba ya shan fetur. Shi ke nan, wallahi. Daga baya ma shi ya miƙo mini kankana."

Mahmudu ya dubi tantin maza. Gefe guda ya zube, an danne igiyarsa da dutse.

"Ina gudumar kafa turke?"

"Alhaji Abdussamad ya karɓa bayan abinci, wai zai gyara gefen nan," in ji Haladu.

Sufeto ya tsaya bayan tantin mata, ya yi sallama. Raliya, matar mamacin, ta amsa daga ciki da dasasshiyar murya.

"Allah ya ba ku haƙuri, 'yar'uwa. Yaushe mijinki ya tafi alwalar La'asar?"

"Alwalar me? Mu ai matafiya ne. Tun Azahar muka yi ƙasaru, muka haɗa da La'asar. Yaya Abdussamad ne ma ya ja mu."

"Raliya, rufe bakinki!" in ji wata tsohuwar murya. Kaltuma ce, uwar mazan biyu.

"Ba zan rufe ba, Umma. Sufeto, 'yarmu Safiyyatu ta sami gurbin karatun malanta a Jidda. Babanta ya yarda. Yaya ya rantse ba 'yar gidan Ɗan'inna da za ta kwana a wani gari. Bayan abinci ya ce wa ƙanensa su sauka bakin ruwa su ƙarasa maganar."

Kuka ya ɓarke a cikin tantin.

Mahmudu ya sami Abdussamad yana jan carbi.

"Alhaji, wa ya ja sallar Azahar?"

"Ni."

"La'asar fa?"

Carbin ya tsaya.

"Kai ka haɗa su da bakinka, mata suna bayanka. Ka zaɓi ƙaryar da kowa ke gaskatawa a gida, ka manta kana kan tafiya. Yanzu zan sa a shiga ruwan nan a lalubo guduma, ko ka hutar da mu?"

Abdussamad ya nuna wani falalen dutse a bakin tafkin.

"Tana ƙarƙashin wancan falalen," ya ce a hankali. "Cewa ya yi ni yayansa ne, ba uban 'yarsa ba. Ya juya mini baya ina magana. Ni na goya yaron nan. Ban san na ɗaga hannu ba."

"Amma ka san lokacin da ka ɗaure Haladu."

Kurtu ya sa masa ankwa, ya tura shi cikin motar 'yan sanda.

Mahmudu da kansa ya yanke igiyar. Ta ci wuyan hannun Haladu har jini. Sai muryar Kaltuma ta fito daga tanti:

"To mu wa zai mai da mu gida?"

Babu namijin da ya rage a iyalin. Haladu ya murza hannunsa, ya dubi tantin, ya dubi gawar.

"Ku fito, Hajiya," ya ce. "Bari in zuba wa motar ruwa."