Wayar Iskar Tarka

Maigidana ne ke kula da wayar iska ta asibitin Tarka, wani akwati da ake magana da na nesa ta cikinsa. Kowace magariba sai ya gwada ta da asibitin Tanut, don kada ta ƙi ranar buƙata. Ni dai shara ce tawa a ɗakin.

Daren da kububuwa ta sare shi, likita ya tafi Belbeji, ƙafar kuma ta kumbura har gwiwa. Ya ce da ƙyar, "Je ki kira Tanut su turo mota. Kada ki yarda sai sun maimaita maganarki."

Na murɗa abin da nake ganin yana murɗawa. "Alo, Tanut. Don Allah mota, maciji ne."

Nan take aka amsa, tangaram. "Mun ji, Indo."

Ban faɗi sunana ba. Na ce, "Ku maimaita."

"Alo, Tanut. Don Allah mota, maciji ne." Muryata ce sak aka maido mini.

Na dafa akwatin. In yana aiki, zafi yake ɗauka kamar murhu. Sanyi ƙalau na ji.

Daga tsakar gida maigidana ya kira, "Suna zuwa?"

Kafin in buɗe baki, akwatin ya amsa masa da muryata: "Suna zuwa, kwanta abinka."