Ƙarfen Sabis na Saji

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Rano: mutanen Saji sun lakaɗa wa mai gadin ƙarfen sabis duka, kuma sun rantse sai sun tumɓuke ƙarfen.

Sufeto Muhyiddeen ya tarar da mai gadin, Malam Ishiyaku, a gindin katanga, goshinsa a fashe.

"Me ka yi musu, Baba?"

"Ba komai, Yallaɓai. Jiya Suwaiba 'yar Maijidda ta rasu. Wai iskar ƙarfen nan ce ke shanye jinin yara."

Ya nuna akwatin baturan ƙarfen, wayam. "Ni ga damuwata. Duk ranar da na tafi kasuwar Kibiya sai a kwashe su. Kamfani ya kawo sababbi, a sake kwashewa."

"Wa ya jagoranci dukan?"

"Ramalan mai sayen gwangwan."

Ramalan na tsakiyar taro yana kumfar baki. "Yallaɓai, an kafa mana ajali a tsakiyar gari. Sai yaranmu sun ƙare za a ji kukanmu?"

Sufeto ya matso kusa da shi. Rigar mutumin yake kallo, duk ta huhhuje, yatsunsa kuma sun saluɓe.

"Me ya ci maka riga haka?"

"Tartsatsin walda ne."

Sufeto ya san ƙunar walda baƙi take bari a bakin huji. Waɗannan hujojin ba su da shi.

Gidan Maijidda na can ƙarshen gari, inda da ƙyar ake hango ƙarfen. Tana zaman makoki, ƙaramin ɗanta kwance a cinyarta.

"Allah ya jiƙanta, Malama. Yaya ciwon ya fara?"

"Amin. Ciwon ciki, amai, sai jijjiga. Duk yaran lungun nan haka suke."

"Na kusa da ƙarfen fa?"

"Su kam ƙalau suke."

"Ina naku suke wasa?"

"Kangon Ramalan, nan bayanmu. Akwai wata toka da suke tuwon ƙasa da ita."

"Har da 'ya'yansa?"

"A'a. Tun kafin damina ya kai su wurin kakarsu a Madachi."

Sufeto ya fita waje ya kira likitan da ya duba Suwaiba. Likitan ya ce sakamakon gwajin jininta ya dawo daga Kano: gubar dalma ce, mai yawan gaske.

A kangon, ƙarƙashin tarin kara, 'yan sanda suka tono fasassun batura masu tambarin kamfani, da kaskon narka dalma. Sawun ƙananan ƙafafu duk ya cika tokar. Sufeto ya daɗe yana kallonsa, ransa na tafasa, kafin ya ce a kawo Ramalan.

"Ruwan batir ne ya ci maka riga, ko har yanzu walda ce?"

Ramalan ya durƙusa. "Ni na kwashe su, Yallaɓai. Dalmar nake narkawa in kai Kano. Ban yi nufin kisa ba."

"Ka san tana kisa?"

"Mai saye ya ce in nisanta yara da ita."

"Sai ka nisanta naka, ka bar na maƙwabta suna cusa ta a baki. Da gawa ta fita, ka nuna wa mutane ƙarfe, ka sa aka fasa kan tsoho."

"Tsoro ne."

"Yi min shiru."

Sufeto ya ba da umarni a killace kangon, a kwashi yaran lungun zuwa asibiti a motar ofis. Aka sa wa Ramalan ankwa. Taron da ya bi shi da safe ya dare, babu mai iya haɗa ido da Malam Ishiyaku.

Maijidda ta fito ƙofar gida, ɗanta a kafaɗa. Ba Sufeto ta kalla ba.

"Malam Ramalan," in ji ta, "jiya fa kai ka karɓi gawar Suwaiba daga hannuna zuwa maƙabarta."